Yadda muka ciro ragowar kuɗin ƙanena daga shafin cacar kirifto

Ƙanena ya daɗe yana buga cacar ƙwallo a intanet ba wanda ya sani a gida, kuma kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ne ya rufa masa asiri. Ni ina taɓa harkar kirifto saboda aikina, domin wasu da nake yi wa aiki daga nesa da shi suke biyana. Shi ya sa da kuɗinsa suka maƙale a shafin cacar, ni ya nufo. Ya ce, "Yaya, akwai ragowar kuɗina a wani wuri, sun hana ni cirewa. Don Allah ka taimaka mini, amma kada maganar ta fita." Na ce zan taimaka bisa sharaɗi ɗaya: in mun ciro abin da ya saura, za mu rufe asusun gaba ɗaya. Ya yi jim, sannan ya amince.

Kafin in taɓa komai na sa shi ya nuna mini hanyar da kuɗin suke bi su shiga, tun daga farko har ƙarshe. Zango uku ne. Yana tura kuɗi daga bankinsa zuwa ga wani mutum da ya samu a dandalin musayar kirifto, mutumin ya sakar masa USDT. Daga dandalin sai ya kwashe zuwa walet, wato manhajar ajiye kirifto da ke wayarsa. Daga walet ɗin kuma ya tura zuwa adireshin da shafin cacar ya ba shi. USDT kuɗi ne da kamfanin Tether ya fito da shi a 2014, an ɗaure darajarsa da dalar Amurka, ɗaya kusan dala ɗaya. 'Yan caca da yawa sun fi son sa a kan Bitcoin saboda Bitcoin ba ya tsayawa wuri ɗaya: a Nuwamban 2021 ya kai kusan dala 69,000, bayan shekara ɗaya ya faɗo wajen 16,000.

Na tambaye shi me ya kai shi wannan zagaye, alhali yana da katin banki. Ya ce da katin ya fara, sai bankin ya riƙa mayar da biyan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta kati yana da lambar da ke nuna irin sana'arsa, ta gidajen caca ita ce 7995, kuma banki na iya toshe duk wani biya da ya zo da wannan lamba. A Birtaniya ma tun Afrilun 2020 aka hana yin kusan kowace irin caca da katin bashi. Kirifto yana tsallake duk wannan shinge. A takardar bankin ƙanena ba ka ganin sunan gidan caca ko sau ɗaya, sai sunayen mutane daban-daban da ya tura wa kuɗi. Wani abin kuma da bai yi la'akari da shi ba: kuɗin da aka biya ta kati ana iya kai ƙara banki ya nemo su in an cuci mutum, amma na kirifto in sun tafi sun tafi, babu ofishin da zai juyo da su.

Ya riga ya ɗanɗana wannan tun kafin ya zo wurina. USDT yana tafiya a kan layuka da yawa, wato hanyoyin aike daban-daban, kowanne da kundin cinikinsa. Adireshin layin Tron da harafin T yake farawa, haruffa 34 ne. Na Ethereum da 0x yake farawa, haruffa 42. Matsalar ita ce layin BNB ma adireshinsa irin na Ethereum ne sak, don haka walet ba ya tsayar da kai in ka ruɗe. Wata rana cikin gaggawar kada wasa ya fara bai saka tikitinsa ba, ya tura ta layin da shafin bai ba shi ba. Kuɗin sun bar hannunsa, ba su bayyana a asusunsa na caca ba, masu shafin suka ce ba sa ɗaukar alhakin irin wannan kuskure. Daga nan ya koma Tron kaɗai, inda a lokacin caji ba shi da yawa, kuma ana rubuta sabon shafi na kundin ciniki duk daƙiƙa uku. Da ya gwada mini yadda ake zubawa a baya, na gane cewa daga lokacin da sha'awar ta taso masa zuwa lokacin da kuɗin suka zama tikiti, 'yan mintoci ne kawai, ko da tsakar dare ne.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma shi ya fi mana nauyi. Na tambaye shi nawa yake ganin ya zuba tun da ya fara. Ya faɗi wani adadi, kuma na tabbata ba ƙarya yake yi ba, abin da zuciyarsa ta riƙe ke nan. Sai na kwafi adireshin walet ɗinsa na liƙa a Tronscan, shafin da kowa zai iya duba duk cinikin da aka yi a layin Tron ba tare da kalmar sirri ba. Duk abin da ya bi ta Tron ya fito: ranar kowane aike, sa'arsa, adadinsa, adireshin da ya karɓa, da lambar shaidarsa mai haruffa 64. Muka sauke jerin muka zuba a jadawali, muka ware abin da ya tafi adireshin shafin cacar da abin da ya dawo daga can. Abin da ya tafi ya ninka abin da ya faɗa mini fiye da sau biyu.

Ya daɗe yana kallon jadawalin bai ce uffan ba. Ni kuma abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tsarin lokutan. Aiken ba a warwatse suke ba, a dunƙule suke zuwa. Ka ga USDT 20 da yamma, bayan sa'a biyu 40, can cikin dare 80, a rana ɗaya. Duk wanda ya duba zai karanta labarin ba sai an gaya masa ba: an ci na farko, ya ninka don ya fanshe, an sake ci, ya sake ninkawa. Ranakun da suka fi cunkoso su ne Asabar da Lahadi, da daren Talata da Laraba lokacin gasar zakarun Turai. Na tambaye shi yadda aka yi bai ji zafin fitar kuɗin ba. Ya ce, "Yaya, in na ga 20 a waya ba na jin kamar kuɗi ne. Lamba ce kawai." Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. Kuɗin da aka canja sau biyu kafin a kashe su, hankali yana daina auna su da gumin da aka yi aka same su, kuma a ganina wannan ya fi saurin aike haɗari.

Mutane da yawa suna zaton kirifto yana ɓoye mutum. Abin da na gani shi ne ya ɓoye shi daga iyalinsa da bankinsa, amma ya rubuta kowane motsinsa a kundin da ba ya gogewa. Adireshin ba ya ɗauke da suna, gaskiya ne, sai dai dandalin musayar da ya sayi kuɗin yana da hotonsa da katin shaidarsa, kuma ya san adireshin da ya cire zuwa gare shi.

A nan ya yi yunƙurin da na san zai yi. Ya ce ai ya san ƙwallo, sau da yawa wasa ɗaya ne kawai ke yanka masa tikiti, in na bar shi ya gwada da ragowar zai iya rage asarar. Ban yi masa faɗa ba, na ɗauko takarda. Na ce mu ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. In da adalci za a yi, wanda ya saka 100 ya ci, 200 zai karɓa. Shafin kuwa 1.90 yake bayarwa a kowane ɓangare. Mutum biyu sun saka 100 kowanne, gida ya tara 200, ya biya wanda ya ci 190, ya riƙe 10. Kashi 5 cikin 100 ke nan na duk abin da aka saka, ko wa ya ci. Tikitin da aka jera wasanni da yawa kuma, irin wanda ya fi so, wannan kason yana hawa kan juna ne. Wasa goma a tikiti ɗaya, kowanne da irin wannan ragi, abin da ke dawowa a matsakaici bai wuce kashi 60 cikin 100 ba. Wasan nan ɗaya da ke yanka tikiti, da shi aka gina lissafin tun farko. Ya karɓi takardar ya sake buga lissafin da kansa a waya, ya ajiye.

Sai muka shiga batun cirewa. Abin da shafin ke nuna masa a matsayin kuɗinsa kashi biyu ne ashe, nasa na gaske da garaɓasar da suka ƙara masa. A zubinsa na ƙarshe ya saka 100, suka ƙara masa 100, ya danna amincewa bai karanta sharuɗɗa ba. Muka buɗe sharuɗɗan muka karanta layi-layi. An ce sai ya buga jimillar zubin da garaɓasar sau goma kafin ya cire ko sisi, wato cacar 2,000, a kan wasannin da ribarsu ba ta gaza wani mizani ba, kuma cikin ƙayyadadden lokaci. In ka ɗora kason nan na 5 cikin 100 a kan 2,000, za ka samu 100, daidai da garaɓasar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Can ƙasa a wani sashe muka samu inda ake soke garaɓasa, da gargaɗin cewa duk ribar da aka ci da ita za ta tafi tare da ita. Muka soke. Adadin da ke fuskar wayar ya ragu sosai, na ga ransa ya sosu, amma abin da ya rage shi ne kuɗin da za a iya taɓawa.

Muka danna cirewa, sai shafin ya ce sai an tantance shi. Wannan asusu da imel kawai aka buɗe shi. Watanni ana karɓar kuɗinsa ba wanda ya tambayi sunansa, ko shekarunsa, ko inda yake samun abin da yake zubawa. Yanzu da zai fita ana neman hoton fasfo ko katin shaida gaba da baya, hoton fuskarsa riƙe da katin, da takardar da ke nuna adireshin gidansa wadda ba ta wuce wata uku ba. Ba na jayayya da tantancewa a kan kanta. Hukumar FATF da ke tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya ta faɗaɗa ƙa'idojinta zuwa harkar kirifto tun 2019, kuma gidan caca ya kamata ya san wanda yake hulɗa da shi. Abin da nake ƙi shi ne lokacin da aka zaɓa. In da gaske ana son kare mutane, a bakin shiga za a tambaya. Da an yi haka, yaron da bai kai shekara 18 ba ba zai shiga ba, mai zuba abin da ya fi ƙarfinsa kuma za a lura da shi da wuri. Tambaya a bakin fita kuwa gida kaɗai take amfana, domin duk wanda ya gaza kawo takarda kuɗinsa sun zauna.

An mayar mana da takardun a karon farko saboda sunan da ya rubuta lokacin buɗe asusu a gajarce yake, bai yi daidai da na katinsa ba. Muka rubuta wa masu kula da abokan hulɗa bayani, muka haɗa da lambobin shaidar aiken da suka nuna cewa duk kuɗin daga walet ɗaya suka fito. Na nace mu riƙa yin komai ta imel, kuma mu ɗauki hoton duk hirar da aka yi a akwatin tattaunawar shafin, saboda wannan akwatin yana iya gogewa. Na kuma tambaye shi ko ya taɓa shiga ta manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Ya ce a'a, na ji sanyi, domin sharuɗɗan sun ba su ikon ƙwace duk abin da ke asusun in sun gano haka.

Lokacin jiran ne ya fi haɗari. Buƙatar cirewar tana nan an rubuta ana dubawa, a gefenta kuma ga maɓalli babba na soke cirewa, wanda in ka danna kuɗin su koma asusun caca nan take. Hukumar kula da caca ta Birtaniya ta haramta wa kamfanonin da take ba lasisi irin wannan maɓalli tun 2021, saboda an san aikin da yake yi wa mutumin da ke jira ga kuma wasa ana bugawa. Shafin da ƙanena yake ba ya ƙarƙashinta. Shi da bakinsa ya ce, "Yaya, canja kalmar sirrin ka riƙe, ban amince da kaina ba a ƙarshen makon nan." Na canja. Wannan magana tasa ta fi mini duk abin da muka ciro daraja.

Cikin jiran na gangara ƙasan shafin in ga wa za mu kai wa kuka in sun ƙi biya. Lasisin na Kurasawo ne, wani tsibiri a yankin Karebiyan da ke cikin masarautar Netherlands, wanda tun shekarun 1990 yake ba shafukan caca na intanet lasisi, kuma shafukan cacar kirifto da yawa can suke rajista. Kamfanin yana wata ƙasa, lasisin yana wata, mu muna wata, sharuɗɗan kuma sun ce duk wata shari'a a can za a yi ta. Wanda kuɗinsa 'yan ɗaruruwan dala ne ba zai ɗauki lauya a wani tsibiri ba. A zahiri abin da muke da shi kawai shi ne takardunmu da naci.

Daga ƙarshe sun biya, bayan sun cire cajinsu. Na duba adireshin da muka ba su harafi-harafi kafin mu tabbatar, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, domin akwai ɓarayin da ke tura ɗan ƙaramin aike daga adireshi mai kama da naka don ka kwafo nasu daga tarihin ciniki. Da kuɗin suka sauka a walet sai muka tarar ba za su motsa ba, saboda a layin Tron da TRX, wato kirifton layin kansa, ake biyan kuɗin aike, shi kuma ba shi da ko kaɗan. Na tura masa kaɗan daga nawa. Muka fara aika ɗan abu zuwa dandalin musaya don gwaji, da ya isa muka aika sauran.

Dandalin musayar ya riƙe kuɗin ya aiko da tambaya: daga ina suka fito? Ƙanena ya firgita, ya ce mu ce kuɗin aiki ne. Na ce a'a. Akwai kamfanoni irin su Chainalysis da Elliptic da sana'arsu ita ce bin sawun kuɗi a kundin kirifto da yi wa adireshi alama, kuma adireshin manyan shafukan caca sananne ne a wurinsu. Wanda ya yi maka tambayar ya riga ya ga amsar. Muka rubuta gaskiya, cewa ragowar kuɗi ne daga asusun caca da ake rufewa, muka haɗa da jadawalin nan da imel ɗin biyan. Suka sake su, tare da tunatarwa cewa sharuɗɗansu suna da iyaka a kan hulɗa da irin waɗannan shafuka. Ya sayar, kuɗin suka koma bankinsa. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya zuba ba.

A tsakiyar wannan duka wasu mutane suka riƙa turo masa saƙo, saboda ya taɓa rubuta kukansa a wani zauren 'yan caca. Kowanne yana cewa ƙwararre ne wajen dawo da kirifton da ya ɓata, har da wanda ya tura ta layin da ba daidai ba. Ɗaya ya nemi kuɗin somin aiki, ɗaya ya nemi kalmomi 12 na walet ɗinsa wai don ya haɗa shi da na'urarsa. Waɗannan kalmomi su ne walet ɗin kansa, duk wanda ya same su ya mallaki abin da ke ciki daga ko'ina yake a duniya. Muka toshe su duka.

Rufe asusun ma sai da muka yi hattara. A shafin akwai hutu na ɗan lokaci, akwai rufewa ta yau da kullum wadda imel ɗaya ke sake buɗewa, akwai kuma haramta wa kai shiga. Da muka rubuta cewa muna son rufewa, amsar farko da ta zo tayin sabuwar garaɓasa ce. Sai na sa shi ya rubuta da kalmomi marasa harshen damo cewa yana da matsalar caca, yana neman a haramta masa shiga har abada, a daina turo masa talla, kuma a tabbatar masa a rubuce. Da kalmar matsalar caca ta shiga wasiƙar, salon amsarsu ya canja, suka rufe. Amma wannan shafi ɗaya ne cikin dubbai. Tsarin GAMSTOP na Birtaniya, wanda ya fara aiki a 2018, yana rufe wa mutum duk kamfanonin cacar intanet da ke da lasisin ƙasar a lokaci guda, sai dai hannunsa ba ya kaiwa ga shafukan kirifto masu rajista a waje. Don haka muka saka BetBlocker a wayarsa da kwamfutarsa, manhaja ce ta kyauta da ke toshe shafukan caca, in ka zaɓi tsawon lokaci kuma ba ta buɗewa sai ya cika. Ya zaɓi mafi tsawo. Ya goge walet ɗin daga wayar, ya fita daga zaurukan da ake raba hasashen wasanni, ya rufe asusunsa na dandalin musaya tunda ba shi da wata buƙata da shi bayan wannan.

Na gaya masa cewa manhaja ba za ta isa ita kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar caca cikin jerin cututtukan kamu a kundinta na rarraba cututtuka da ya fara aiki a 2022, a sashe ɗaya da kamun kayan maye, kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara da suka san yadda ake bi da ita. Da farko ya ƙi, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Na ce ba wanda ya ce haka, na nuna masa layukan nan na 20 da 40 da 80 na dare ɗaya, na tambaye shi ko shi ne ya yanke shawarar na ukun da hankalinsa a kwance. Ya ce a'a. Na raka shi zaman farko na jira a waje, sauran kuma shi yake zuwa da ƙafarsa. Akwai bashin da ya ci a hannun abokansa biyu lokacin da yake neman fansa, mun rubuta shi a ƙasan jadawalin, yana biya duk ƙarshen wata daga albashinsa, yana turo mini shaidar biyan ina ragewa.